Wa ke riƙe da mabuɗin rumbun? Daga teburin mai POS a Gayam zuwa ɗakunan adana bayanai

Da kaka, idan masara ta bushe aka sussuke, ciniki a ƙasar Birnin Gwari ba ya ƙarewa a bakin buhu. Mai saye ya ƙirga kayansa, an yi sallama, amma ba ya zaro damin kuɗi daga aljihu kamar da, domin shekarun da aka yi ana tare hanya sun koya wa kowa cewa yawo da tsabar kuɗi neman fitina ne. Sai a nufi wurin mai POS. Yaro ne a ƙarƙashin laima, da ɗan tebur, da littafin da yake rubuta shiga da fita, da na'urori biyu ko uku a jere, don in wannan ta ƙi waccan ta yi. A saka kati, a danna lambar sirri, kowa ya zuba wa ɗan allon ido. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, sannan takarda ta fito da labarin cewa abu bai yiwu ba. Kafin mai katin ya buɗe baki, wayarsa ta yi ƙara: an cire kuɗin.

Amsar da za a ba shi kowa ya haddace ta. Netwok ne, Alhaji, a yi haƙuri, zai dawo.

Wannan kalma ta netwok ta zama bargon da ake lulluɓe kowane laifi da shi. A Gayam, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, mutane suna da hujjar zarginsa fiye da mutanen ko'ina, za mu zo kan haka. Sai dai sau da yawa sandunan sabis a cike suke a fuskar waya, dogon ƙarfen kamfanin sadarwa yana aikinsa lafiya lau. Saƙon ya bar ƙauyen, ya ratsa daji, ya isa Legas cikin ƙiftawar ido. Can ne ya tarar da wata ƙofa a rufe, a cikin wani ɗaki mai sanyi da manomin bai taɓa jin labarinsa ba.

Kuɗin da mutum yake cewa yana da su a banki ba takardu ba ne a cikin akwati. Rubutu ne a kan faifai. Haka lambar BVN da aka fara bayarwa a 2014, haka lambar NIN da aka wajabta haɗa ta da layin waya tun Disambar 2020, haka rajistar masu zaɓe. Duk suna zaune a cikin wasu manyan na'urori masu tsayin firij, cike da ɗaruruwan faifai, waɗanda za mu kira rumbunan bayanai. Kamfanoni irin su Dell, NetApp, IBM, Hitachi da Huawei ne ke ƙera su. Yawancin ɗakunan da ake ajiye irinsu a Nijeriya a Legas suke, kamar Rack Centre da MDXi, sai Abuja. Wanda ya fi kusa da mu a Arewa shi ne na Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 2006, wanda ya gina babbar cibiya a Kano aka buɗe ta a farkon 2023, don bayanan hukumomi su sami gida na biyu bayan na Abuja.

Rumbun da kansa ba ya lissafi. Masu lissafi su ne kwamfutocin da ake kira saba, waɗanda manhajar banki ke gudana a kansu. Duk lokacin da aka saka kati a Gayam, wata saba ce za ta ruga rumbun ta duba ko akwai kuɗin, ta rubuta cewa an rage, ta dawo da amsa. Hanyar da take bi ta shiga ita ce zancenmu.

A bayan kowane rumbu akwai ramuka a jere inda ake cusa wayoyin faiba, sirara kamar igiyar guga ta roba amma haske ke gudu a cikinsu. Kowane rami ƙofa ce. Babban rumbu yakan sami ƙofofi gommai, kuma sabobin da ke neman shiga na iya kai ɗaruruwa. Wanda ya san sito a kasuwar Dawanau zai gane matsalar nan take: sito ɗaya, kayan 'yan kasuwa da yawa, 'yan dako suna ta shige da fice. Idan aka bar kowa ya shiga ta inda ya ga dama ya ɗauki abin da ya ga dama, kafin la'asar an yi dambe. A duniyar kwamfuta abin ya fi haka muni, don saba tana iya cin karo da faifan da ba nata ba, ta ɗauka fanko ne, ta share shi ta shimfiɗa nata.

Saboda haka ake ɗaure abu uku wuri guda. A na'urorin PowerMax na kamfanin Dell, waɗanda suka gaji na EMC bayan Dell ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 67, tsarin a fili yake. Akwai jerin masu shiga, wato sabobin da aka yarda da su, kowace da lambar shaidarta mai alamomi 16, lambobi da haruffa a cakuɗe. Akwai jerin faifan da aka ware musu. A tsakiya kuma akwai rukunin ƙofofi, wato ta waɗanne ramuka ne kaɗai aka yarda su bi. Sai an haɗa ukun a takardar izini ɗaya saba take ganin kayanta. NetApp na da irin wannan da wasu sunaye, haka sauran kamfanonin. Birnin Kano ya riga su sanin dabarar: Ƙofar Mata da Kabuga da Na'isa da Ɗan Agundi a da kowace tana da sarkin ƙofa, wanda ya san wa ke shiga da kuma lokacin rufewa.

Me ya sa rukuni, ba ƙofa ɗaya ba? Wannan tambaya ba sai an yi wa mutumin Birnin Gwari dogon bayani ba. Garin yana kan mahaɗa: ga hanyar Kaduna da ke bi ta Buruku da Udawa, ga ta Funtuwa, ga wadda ke gangarawa Tegina ta nufi kudu. A shekarun da dajin Kamuku da na Kuyambana suka zama mafakar 'yan bindiga, direba ba ya kunna mota sai ya tambayi wace hanya ce ke biyuwa yau. Ranar da aka ce duk sun toshe, gari ya zama kurkuku. Injiniyan rumbu da wannan tunanin yake kwana. Ƙa'idar aikinsa ita ce kowace saba ta sami hanya aƙalla biyu, galibi huɗu, kuma kada su haɗa komai: ƙofofin su fito daga kwakwalwar rumbun daban-daban, don rumbu yakan sami fiye da ɗaya, wayoyin su bi ta na'urorin rarraba hanya daban-daban, waɗanda ake kira ɓangaren A da ɓangaren B. In wuta ta cinye ɗaya, ko wani ya yi tuntuɓe da waya, saba ta karkata zuwa ɗayar ba tare da mai kati ya ji ko gezau ba.

Yanzu a dubi yadda ake wannan aiki da hannu. Ƙarfe biyun dare ne, don ba a taɓa rumbun banki da rana. Injiniya yana zaune da rigar sanyi, idonsa ya yi ja, a gabansa akwai takardar Excel da wani ya fara cikawa shekara biyar da suka wuce. An kawo sababbin saba goma sha biyu, kowace da lambar shaida biyu. Zai kwafo alamomi 16 sau ashirin da huɗu, ya zaɓi ƙofofi daga wani jeri mai sunaye irin FA-1D:4 da FA-2D:4, waɗanda bambancinsu lamba ɗaya ce tak. A saba ta tara, hannunsa ya zame, ya zaɓi ƙofofi biyu daga kwakwalwa ɗaya.

Babu abin da zai faru, kuma nan ne sharrin abin yake. Fitilu duk kore ne, saba tana ganin faifanta, an rubuta a rahoto cewa aiki ya kammala lafiya, kowa ya tafi gida ya kwanta. Kuskuren zai kwanta shi ma, wata shida, wata tara, kamar gara a cikin azara. Sai ranar da za a sabunta manhajar waccan kwakwalwa, a kashe ta na ɗan lokaci bisa amannar cewa kowa yana da hanya ta biyu. Sabobi goma sha ɗaya su karkata. Ta taran ta tsaya cak, ita kuwa wataƙila ita ce ke riƙe da cinikin katin rabin ƙasa. Kafin a gano musabbabi an ci awanni, don takardar Excel tana cewa komai daidai ne, kuma wanda ya yi aikin ya daɗe da barin wurin.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Nijeriya. A 2022 jaridu sun cika da labarin ma'aikatan fasaha na bankuna da ke ajiye aiki suna tafiya Ingila da Kanada, abin da 'yan kudu suka raɗa wa suna japa. Ba su daɗe da tafiya ba aka shiga canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da tsabar naira ta ɓace, dole kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai kayan miya. Lodin ya ninka a kan na'urorin da masu sanin sirrinsu suka ragu. Wanda ya yi layin POS a watan Fabrairun shekarar ba ya bukatar a tuna masa.

Maganin da masana'antar ta samo shi ne a daina dannawa, a koma rubutawa. Kayan aikin da ya fi shahara a nan shi ne Ansible, wanda Michael DeHaan ya ƙirƙiro a 2012, kamfanin Red Hat ya saye shi a 2015, shi kuma IBM ya haɗiye Red Hat ɗin a 2019. Dell da NetApp da sauransu duk sun fitar da nasu ƙunshin umarni da ke aiki da shi, a cikin na Dell har akwai wanda aikinsa kawai kula da rukunin ƙofofi. Injiniya yana buɗe fayil ya rubuta abin da bai wuce layi goma ba: ga lambar rumbun, ga sunan rukunin, ga ƙofofin da ya kamata su kasance a ciki, kuma ana son rukunin ya wanzu. Bai ce a ƙirƙira ba, bai ce a ƙara ba. Ya faɗi yadda abin ya kamata ya kasance ne kawai. Ansible zai tuntuɓi rumbun ya duba. In ya tarar da komai yadda aka rubuta, ba ya taɓa komai, sai ya ba da rahoton cewa lafiya. In ya tarar da gibi, ya cike gibin kaɗai. Ko sau ɗari aka maimaita, sakamakon ɗaya ne. Akwai ma yanayin gwaji, inda zai lissafo abin da zai canza ba tare da ya canza ba, kamar tela ya zana alli a kan yadi kafin ya sa almakashi.

Masu tallar wannan fasaha sun fi son maganar sauri, cewa aikin dare guda ya koma na minti biyar. Gaskiya ne, amma ni a ganina saurin shi ne mafi ƙanƙantar ribarta. Babbar ribar ita ce ilimin ya fita daga kan mutum ɗaya ya koma rubuce. Ana ajiye fayilolin a Git, wata ma'ajiya da ke riƙe tarihin kowane gyara: wa ya canza, yaushe, me ya cire, me ya sa. Kafin gyara ya shiga, wani abokin aiki sai ya karanta ya amince. Ana iya kafa sharaɗi a cikin rubutun cewa duk rukunin da ƙofofinsa ba su fito daga kwakwalwa biyu ba, a ƙi shi tun daga bakin ƙofa. Ana kuma iya sa gwajin ya riƙa zagayawa kowane dare yana kwatanta abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa, ta yadda garar nan da muka ambata ba za ta yi wata tara tana ci a ɓoye ba, gobe da safe za a gan ta. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rasa yaron shagon da shi kaɗai ya san masu bashi ya san darajar littafi.

To amma wuƙar da ke yanka nama da sauri, da saurin take yanka yatsa.

A ranar 29 ga Satumba 2021 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta sanar da cewa za a katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna don a sami damar yaƙar 'yan bindiga, bayan Zamfara ta riga ta yi haka a farkon watan. Birnin Gwari na ciki. An haɗa da hana hawa babur da rufe wasu kasuwannin mako. Ko me mutum zai ce game da niyyar, umarni ɗaya ne ya rufe ƙofa a kan kowa: ɗan bindiga da mai ba shi labari, da mai naƙuda, da mai POS, da wanda ke son ya kira jami'an tsaro ya ce ga su nan tafe. Kwana biyar bayan sanarwar, ranar Litinin 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kimanin awa shida. Mutanen Gayam na cikin ƙalilan a doron ƙasa da abin bai dama ba, don su tasu ta riga ta same su. Bayanin da kamfanin Facebook ya fitar daga baya ya ce ana cikin gyara na yau da kullum ne aka ba da wani umarni don auna ƙarfin hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, sai umarnin ya tsinke su baki ɗaya. Akwai manhajar da aka ɗora wa alhakin tace irin wannan umarni, amma ita ma tana da aibi, ta bar shi ya wuce. Har kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa sun tafi tare da hanyar, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa ɗakunan na'urorin, inda matakan tsaron kamfanin suka ƙara jinkirta su. Na Facebook ya dawo a daren. Na Birnin Gwari sai ƙarshen Nuwamba gwamnati ta ba da umarnin a maido.

Ba Facebook kaɗai ba. A 28 ga Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren rubutu a umarni guda, ya sauke sabobi fiye da yadda ya yi niyya, rumbun kamfanin mai suna S3 na gabashin Amurka ya durƙushe na kusan awa huɗu, shafuka masu yawa suka bi shi. A gida kuwa, rahoton da INEC ta fitar kan zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya ɗora gazawar ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafinta na nuna sakamako, IReV, a kan kuskuren saiti: na 'yan majalisa yana shiga, na shugaban ƙasa yana dawowa, saboda a cewar hukumar manhajar ta kasa samar masa mazauni a tsarin da aka jera bisa jihohi. Mutane da yawa ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma suna da 'yancin haka. Ba matsalar ƙofofin rumbu ba ce, amma dangi ne na kusa, kuma ta nuna abin da saiti ɗaya ke iya jawowa a ƙasar da yarda ta yi ƙaranci.

Injiniyan da ke dannawa da hannu saba ɗaya yake lalatawa a dare. Fayil mai kuskure yana iya zare ƙofa daga rukuni ɗari kafin mai shi ya kurɓi shayinsa. Shi ya sa waɗanda suka ƙware ba sa sakar wa na'ura linzami. Ba sa taɓa ɓangaren A da na B a dare ɗaya. Sai an gama da ɗaya, an tabbatar kowace saba tana ganin hanyoyinta, sannan a waiwayi ɗayan. Suna farawa da saba guda wadda in ta faɗi ba wanda zai yi kuka. Suna raba ikon ƙarawa da ikon cirewa, don ƙara ƙofa ba ya kashe kowa, cirewa ce ke kisa. Kuma suna barin wata 'yar hanya ta daban da za a shiga rumbun ko da babbar ta mutu, darasin da Facebook ya biya da tsada.

Wani abin da ke ba ni sha'awa shi ne wannan sana'a ba ta da shinge mai tsawo. Rumbun kansa sai banki ko gwamnati, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya ƙara nisa. Amma Ansible kyauta ne, Git kyauta ne, tsohuwar laftof ta isa a koya. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna zai iya ƙwarewa a rubuta waɗannan fayiloli bai taɓa shiga ɗakin sanyi ba, kuma cibiya irin ta Kano ba za ta rayu da injiniyan da sai an ɗauko shi a jirgi daga Legas ba. Abin da yaron Gayam ya rasa ba basira ba ce. Wuta ce, da sabis mai ɗorewa, da makarantar da ba a rufe ta don tsoro ba.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta shafe shekaru a rufe. Manyan motoci sun koma ɗaukar hatsi da shanu, kuma kowace mota ciniki ce da za ta bi ta waɗancan ƙofofi. Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade a 2020 cewa kuɗin da aka cire a POS bisa kuskure a maido su cikin awa 72. Manomin da aka cire wa nasa zai ninke 'yar takardar da na'ura ta tofo ya sa a aljihun gaba, ita ce kaɗai shaidarsa. Irin takardar nan ce da zafi ke rubuta ta, ba tawada ba, kuma in ta sha gumi da rana a aljihu, rubutun dushewa yake yi. Masu POS da suka san aiki sukan ce wa mutum ya ɗauki hotonta da waya tun a nan, kafin ya hau babur.